Yadda ake zuwa kallon wasan Arsenal a filin Emirates, daga neman tikiti har fitowa

Duk wanda ya ji na taɓa shiga Emirates, tambayarsa ɗaya ce: "Idan na isa Landan, a bakin ƙofa zan yanki tikiti?" A'a. Filin yana cin mutum dubu 60 da 'yan ɗaruruwa, mafi yawan kujerun na masu tikitin kaka guda ne, ɗan abin da ya rage kuma masu nemansa sun ninka shi. Yawancin asarar da na ga 'yan uwa sun tafka, daga juya tsari ta fito: mutum ya sayi tikitin jirgi, ya kama otal, sannan ya fara cigiyar tikitin wasa. Daga nan ne ake faɗawa hannun 'yan bumburutu. Ga yadda abin yake bi da bi. Kuɗin da zan ambata duka a fam ne, kai ka buga da canjin ranar da za ka biya.

1. Fara zama mamba

Shiga shafin kulob ɗin na ainihi, ka buɗe asusu da sunanka kamar yadda yake a fasfo, sannan ka sayi katin zama mamba na matakin Red. Shi ne matakin da kowa zai iya saya daga ko'ina, kuɗinsa fam talatin da wani abu ne a kaka. Akwai Silver a samansa, amma wannan layi ne na shekaru, kada ka sa shi a lissafi.

Katin ba tikiti ba ne. Dama ce kawai ta neman tikiti. Kuma kowane mutum da nasa: idan ku uku ne, kati uku za ku saya, yaro ma da irin nasa na Junior Gunners. Bayan kun saya, ku haɗa asusunku wuri ɗaya a sashen abokai na shafin, domin ku nemi kujeru tare.

Gargaɗi: katin na kaka ɗaya ne. Wanda ya saya a watan Afrilu ya sayi abin da ya kusa ƙarewa.

2. Biza kafin komai

Mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru yana buƙatar bizar ziyara. Ta wata shida ita ce daidai da wannan tafiya, a 2025 kuɗinta fam 127. Ana cike takarda a shafin gwamnatin Birtaniya, a biya, a je cibiyar ɗaukar hoton yatsu. A Najeriya akwai a Abuja da Legas. Amsa kan fito cikin kimanin mako uku, kuma ana iya nema tun saura wata uku tafiya.

Dalilin da na sa biza a gaban tikitin wasa shi ne tsawonta. Wata shida ya ishe ka ka shiga neman wasanni biyar ko shida, duk wanda ya faɗo ka tashi. Idan kuwa ka jira sai tikiti ya samu sannan ka nema, za ka yi ta kallon kalanda gabanka na faɗuwa.

Gargaɗi: kada ka bari wani ya zuba maka kuɗin aro a asusu ana saura kwana biyu, ko ya haɗa maka takardar aiki ta bogi. Idan aka kama ƙarya, ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10.

3. Zaɓi wasa, amma kada ka yarda da ranar farko

Jadawalin gasar Firimiya yana fitowa a watan Yuni, kusan kowane wasan ƙarshen mako a rubuce Asabar ƙarfe 3. Wannan rana ta wucin gadi ce. Gidajen talabijin suna zaɓar wasanninsu daga baya, sai a mayar da wasa Lahadi, ko daren Juma'a, ko daren Litinin. Idan kulob ya yi nisa a gasar kofi, ana iya ɗage wasan gaba ɗaya zuwa wani wata. Sanarwar canjin tana zuwa ne makonni kaɗan kafin wasa.

Saboda haka idan dole ka sayi tikitin jirgi da wuri, ka shiga Landan ranar Alhamis, ka fita Talata. Mafi kyau ma ka duba inda wasan gida biyu suka zo kusa da juna, misali na Firimiya a ƙarshen mako da na kofi a tsakiyar mako. In ɗaya ya kuɓuce, ɗaya na nan.

Kulob yana kasa wasanni rukuni-rukuni. Na rukunin A su ne da irin su Tottenham, Chelsea, Manchester United, Liverpool da Manchester City: kujera mafi arha ta haura fam 70, mai kyau ta wuce 100, samunta kuma sai mai rabo. Ƙananan wasanni kan fara daga fam 30 da ɗoriya. Shawarata ga mai zuwan farko ita ce ya bar manyan nan. Ihun da ake yi idan ƙwallo ta shiga raga, ko da wa ake bugawa, ya ishe ka labari.

Ka lura da agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, Landan tana bayan Najeriya da Nijar da awa ɗaya. Sauran watanni lokaci ɗaya ne.

4. Neman tikitin kansa

Nan ne aikin yake, kuma hanyoyin halal ba su da yawa.

Ta farko ƙuri'a. Makonni kafin kowane wasa ana buɗe wa 'yan Red damar shiga ƙuri'a na ɗan lokaci. Ka shiga, ka zaɓi farashin da za ka iya, ka saka katin banki. Idan sunanka ya fito, sai a cire kuɗin kai tsaye. To ka tabbata katin yana biyan kuɗin waje kuma akwai kuɗi a ciki ranar da za a cira, don katin naira yakan ƙi a irin wannan lokaci. Katin dala ya fi kwanciyar hankali. Kuma kada ka shiga ƙuri'ar wasanni huɗu kana tunanin ɗaya za ka ci, in ba ka shirya biyan duk wanda ya fito ba.

Faɗuwa ƙuri'a ba abin mamaki ba ne, ya fi ci yawa. Sai a koma hanya ta biyu, Ticket Exchange, wato kasuwar da kulob ya buɗe a shafinsa inda mai tikitin kaka da ba zai samu zuwa ba yake mayar da kujerarsa, mamba ya saya. Kujeru suna ɓullowa ɗaya-ɗaya, suna ɓacewa cikin daƙiƙu. Aikin haƙuri ne: ka buɗe taswirar filin, ka yi ta sabunta shafin, da ka ga ɗigon kujera ka danna ba tare da tsayawa zaɓe ba. Sun fi fitowa a kwanaki biyu ko uku na ƙarshe, lokacin da mutane ke tabbatar da ba za su je ba. Na taɓa samun tawa da daddare ana gobe wasa, ina kwance da waya a hannu, bayan kwana huɗu ina gwadawa. Kujera biyu a jere ba ta cika fitowa a nan ba. Idan ku biyu ne, ku yarda kowa ya zauna inda ya samu, ku haɗu a waje bayan an tashi.

Ta uku ta masu hali ce: tikitin alfarma da kulob ke sayarwa haɗe da abinci da falo. Ɗaruruwan fam ne, babban wasa kuma ya fi haka nesa. Amma ga wanda ya riga ya kashe kuɗin jirgi daga Kano kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne, ita ce hanyar da ba ta da caca. Sai dai ka saya daga shafin kulob ko wakilin da kulob ya ambata da kansa.

Akwai kuma ƙofofin da mutanenmu ke rainawa. Zagayen farko-farko na kofin Carabao yakan fi sauƙin samu. Wasannin share fage na bazara haka. Ƙungiyar mata ta Arsenal ma tana wasa a Emirates, tikitinta da arha, kuma filin yana cika: a Fabrairun 2024 sama da mutum dubu 60 suka kalli wasansu da Manchester United.

Gargaɗi babba: shafukan da ke fitowa a sama idan ka bincika tikitin Arsenal a intanet, da masu tallar tikiti a WhatsApp da Instagram, da mutumin da zai raɗa maka magana a bakin tasha, duk kasuwar bayan fage ce. Dokar Ingila ta 1994 ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin kulob ba, kuma kulob yana soke tikitin da ya gano an yi cinikinsa. Wani abokin tafiyata ya biya ninki huɗu a wani shafi, aka turo masa tikiti mai kyan gani. A ƙofa na'ura ta nuna ja. Ya sake, ja. Ma'aikaci ya duba, ya girgiza kai. Ƙarar filin yana jin ta daga waje, kuma ranar Asabar ce ƙarfe 3, lokacin da ba a nuna wasa kai tsaye a talabijin a Ingila. Wasan da 'yan unguwarsu ke kallo a gidan kallo da ɗan canjin aljihu, shi yana tsaye a gindin ginin bai ga ko minti ɗaya ba.

5. Wace kujera?

In an ba ka zaɓi: North Bank da Clock End su ne bayan raga, can ne hayaniya da waƙa, kuma a ƙasan North Bank mutane kan yini a tsaye, don haka bai dace da ƙaramin yaro ko dattijo ba. East Stand da West Stand su ne gefe, sun fi tsada, sun fi nuna wasa. Hawa na sama yana nuna maka yadda 'yan wasa ke buɗewa da rufewa kamar a allo, na ƙasa kuma yana kawo ka kusa har ka ji ƙarar takalmi a jikin ƙwallo. Layukan gaba-gaba na ƙasa ruwan sama yana taɓa su. Baƙi suna zama a kusurwar kudu maso gabas, ta wajen Clock End.

6. Sauke tikiti a waya

Ba takarda. Tikitin yana zuwa ne a katin mamba na waya, wanda ake ajiyewa a Apple Wallet ko Google Wallet, kuma da NFC yake aiki, irin taɓawar da ake yi da katin banki. Ka duba tun kana gida cewa wayarka tana da shi, domin wasu wayoyin Android masu arha ba su da shi sam. Ka sauke katin kwana biyu kafin wasa, ka buɗe ka ga sunan wasan, harafin ƙofa, lambar sashe, layi da kujera sun bayyana. In ba su bayyana ba, ka tuntuɓi ofishin tikiti tun kafin ranar.

Gargaɗi: hoton allo ba ya buɗe ƙofa. Kuma kada ka bar saukewa sai a bakin fili, inda mutum dubu sittin ke kokawa da layin waya ɗaya.

7. Abin ɗauka da abin bari

Jaka kada ta wuce girman takardar A4, in ma za ka iya zuwa hannu rabbana ya fi. Kada ka taho da akwati daga filin jirgi kana sa ran wurin ajiya. Ba a shiga da kwalba ta gilashi, gwangwani, babbar lema, ko kyamarar ƙwararru mai dogon baki. Tsabar kuɗi ba ta aiki a ciki, komai da kati ko waya ake biya. Ka cika waya da caji, ka riƙe ɗan ƙaramin fawa bank. Soket ɗinsu irin na Najeriya ne mai baki uku, in irin wannan cajar gare ka za ta shiga.

Sanyi kuwa, kada ka auna shi da hunturun gida. Zama wuri ɗaya na awa biyu a watan Disamba ko Janairu yana shiga ƙashi, kuma ta ƙafa yake farawa. Safa mai kauri, takalmi rufaffe, riga biyu a ciki, babbar rigar sanyi, hula da safar hannu. Rigar kulob a saman su duka, in ka ga dama.

Gargaɗi: idan kai ɗan Chelsea ne ko United ka rako aboki, ka bar rigarka a masauki. Ba a zama da rigar abokan hamayya a sashen 'yan gida, kuma wanda ya yi tsalle don baƙi sun ci, waje za a yi da shi. Tsokanar da muke yi wa juna a gidan kallo, a nan ba ta da wurin zama.

8. Hanya

Jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka bi, mota ba ta da amfani, ana rufe titunan unguwar ranar wasa. Tashar Arsenal tana kan layin Piccadilly, shi ne kuma layin da ya taso daga filin jirgin Heathrow, ba sai ka canza ba. Finsbury Park da Highbury & Islington suna kan layin Victoria, kowacce tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙafa. Holloway Road ta fi kama da kusa a taswira, amma ana taƙaita amfani da ita ranar wasa, kada ka dogara da ita, musamman wajen komawa.

Ka taɓa katin banki ko katin Oyster, wato katin biyan kuɗin sufuri na Landan, a shiga, ka taɓa shi a fita, kati ɗaya duk yini, domin akwai iyakar abin da za a cire maka a rana. An kasa tashoshin Landan shiyya-shiyya, a 2025 fam 8.90 ne a shiyya ta 1 da ta 2, filin kuma a shiyya ta 2 yake. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi.

Ka iso unguwar saura awa biyu. Da ka fito daga tashar Arsenal, dama za ka yi, ka bi jama'a har ka hau gadar Ken Friar, filin zai buɗe a gabanka. In kana da lokaci, fara yin hagu zuwa titin Avenell ka ga fuskar Highbury, tsohon filin Arsenal, inda Kanu ya yi wasa, wanda yanzu gidajen zama ne. A kewayen sabon filin akwai mutum-mutumin Thierry Henry, Dennis Bergkamp, Tony Adams da Arsène Wenger, kowanne da layin masu hoto. Kantin kulob, Armoury, cike yake maƙil ranar wasa. Sayen riga ka bar shi sai washegari.

9. Salla da abinci

Masallacin Finsbury Park yana titin St Thomas's, dab da tashar, a kan hanyarka ta zuwa fili. A watan Disamba la'asar tana shiga tun wajen ɗaya da rabi, rana kuma ta faɗi kafin ƙarfe 4. Wato wasan ƙarfe 3 magariba a hutun rabin lokaci take samunka. Ka yi azahar da la'asar kafin ka shiga, ka riƙe alwala, sannan ka tambayi ma'aikaci ya nuna maka ɗakin ibada tun kafin a take wasa, don ka san nisansa da kujerarka.

Abinci ma a waje ya fi. Titin Blackstock da Seven Sisters cike suke da shagunan halal, da yawa na 'yan Aljeriya da Turkiyya. Na cikin fili ya fi tsada, kuma kada ka ɗauki wani abu mai nama ba ka tambaya ba, naman alade ba baƙo ba ne a irin wannan wuri. Shayi da soyayyen dankali ba su da matsala.

10. A ƙofa

Nemi harafin da ke kan tikitinka, an rubuta su manya a jikin ginin. Ƙofar wani harafi ba za ta karɓe ka ba. Za a laluba jikinka, a leƙa jaka. Sai ka kara bayan wayar a jikin na'ura, haske ya zama kore, ka tura ƙarfen ka wuce. Mutum ɗaya, taɓawa ɗaya. In ta ƙi, kada ka yi ta dannawa, ka kira ma'aikacin da ke tsaye a wurin.

Ka shiga saura aƙalla minti 45. Layin yana kumbura a minti ashirin na ƙarshe, kuma za ka so ka ga 'yan wasa suna motsa jiki, ka ji waƙar da filin gaba ɗaya ke ɗauka kafin a fara. Wannan ɗan lokacin talabijin ba ta taɓa isar da shi yadda yake.

Gargaɗi: in ka fita, ka fita ke nan. Ba a komawa da tikiti ɗaya.

11. Cikin fili

Bi lambar sashe, ka hau matakala, ka nemi layi, sannan kujera. Zauna a taka ko da ka ga wata ta fi kyau babu kowa, mai ita yana tafe.

Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne babu mai sharhi. Ba wanda zai faɗa maka sunan mai riƙe da ƙwallo, kuma abin da ake taƙaddama a kai ba lallai a maimaita shi a babban allo ba. Idan aka tsaya duba VAR, kai da kake wurin za ka iya fin na gida duhun kai. Don haka ka ajiye waya ka kalla da ido. Hoto da ɗan gajeren bidiyo kafin wasa ba laifi, amma watsa wasa kai tsaye a Facebook ko TikTok ya saɓa sharuɗɗan tikiti.

Dokokin da ba a wasa da su: taka cikin fili, jifa da kowane irin abu, da waƙar cin zarafin launin fata, duk laifuka ne a dokar 1991, 'yan sanda ne ke karɓar mutum. Ba a shan taba ko'ina. Giya ana sayar da ita a barandar ciki, amma doka ta hana sha a inda ake hango fili, don haka a kujera ba za ta dame ka ba. In wani ya takura maka, ka gaya wa ma'aikaci mai riga mai ƙyalli, kada ka rama.

Hutun rabin lokaci minti 15 ne, layin banɗaki kuma yana iya cinye shi duka. Ko ka tashi saura minti biyu, ko ka bari sai an kusa dawowa.

12. Fitowa

Kowa tashar Arsenal yake nufa, 'yan sanda kuma suna tare mutane a layi a waje suna sakinsu kaɗan-kaɗan. Kada ka bi. Zauna a kujerarka minti goma, ka ɗauki hotunan da ba ka samu ɗauka ba, sannan ka taka zuwa Finsbury Park ko Highbury & Islington. Idan ku da yawa ne, ku tsayar da wurin haɗuwa tun kafin ku shiga, misali gindin mutum-mutumin Henry, domin waya ba ta cika shiga ba a wannan lokaci. Wasan dare yakan tashi wajen ƙarfe 10, jirage suna nan, amma ka duba na ƙarshe idan masaukinka a wajen gari yake.

Wanda duk ya gwada tikiti bai samu ba, akwai zagayen gani da ido a ranakun da ba wasa. Ana yankar tikitinsa a shafin kulob ba tare da katin mamba ba, kuɗinsa wajen fam talatin da wani abu, a ba ka na'urar saurare a kunne, ka shiga ɗakin canza kaya, ka bi ta ramin da 'yan wasa ke fitowa, ka zauna a bencin koci. Ka yanka tun kafin ka je, ka kuma duba ranar, don ana rufe shi ko a rage sa'o'insa idan wasa ya matso.